Kafin a ce a yi mata fomatin: me ke kashe kwamfutar tebur tana tsakar aiki?

A shagon buga takardu, musamman lokacin da ɗalibai suka yi layi don cike fom ɗin jarrabawa, babu abin da mai shago ke tsoro irin kwamfutarsa ta ɗauke. Ba gargaɗi, ba saƙo. Allo ya yi baƙi ƙirin, fanka ta ɗan yi shiru, sai injin ya sake tashi da kansa, fom ɗin da aka kusa gamawa kuwa ya tafi. Yau ta wuni lafiya lau, gobe ta mutu sau uku kafin azahar. Ana cikin wannan sai ramukan USB su ma su fara nasu: a soka filash ba ta gani, linzami ya daskare, fitilar kibod ta ɗauke ta dawo, ga ƙarar nan da Windows ke yi idan an cire na'ura ko an saka tana ta maimaituwa alhali ba wanda ya taɓa komai.

Hukuncin da aka saba yankewa a nan bai wuce kalmomi biyar ba: bairos ce, a yi fomatin. Sai a goge komai, a ɗora sabuwar Windows, mai kaya ya biya, wataƙila ya yi asarar takardun shekaru. Kwana biyu kwamfutar ta sake mutuwa yadda ta saba. An bar jaki ana dukan taiki.

Masu gyaran da suka daɗe a sana'ar suna kallon abin ta wata fuska. Mutuwa ba zato ita kaɗai tana da dalilai barkatai, lalacewar ramin USB shi kaɗai ma haka. Amma idan cutukan biyu suka zo tare, a lokaci guda, to yawanci tushensu ɗaya ne, kuma abin da ramukan USB suka haɗa da sauran kayan cikin kwamfuta bai wuce biyu ba: wutar da ke ciyar da su, da babban farantin da suke zaune a kai, wato madabod. Can ya kamata a fara leƙawa.

Abin da injin ya rubuta da kansa

Windows tana ajiye littafin duk abin da ya same ta, mutane ne ba sa buɗewa. A cikin Event Viewer, duk lokacin da kwamfuta ta tashi ba tare da an kashe ta yadda ya kamata ba, za a ga an rubuta Kernel-Power, lamba 41. Da yawa suna ɗaukar wannan lambar a matsayin sunan cutar, su bazama intanet neman maganinta. Ba ita ce cutar ba. Shaida ce kawai cewa an mutu ba sallama. Abin dubawa yana ƙasa, a layin da aka rubuta BugcheckCode. In akwai lamba a wurin, Windows ta ga matsalar da idonta, ta nuna shuɗin allon nan, ta kuma ajiye bayani a jakar Minidump, wanda sau da yawa yake fallasa sunan manhajar da ta jawo abin. In kuwa sifili ne, to ba ta ma sami zarafin rubuta komai ba. Ko dai wuta ta yanke mata, ko ta ƙame har aka danne maɓallin kashewa.

Bambancin yana da nauyi. Kamfanin Microsoft da kansa ya ce kusan kashi 70 cikin 100 na shuɗin allo daga direbobi suke fitowa, wato ƙananan manhajojin da wasu kamfanoni ke rubutawa don na'urorinsu su yi magana da Windows. Kashi 10 ne kawai ya jingina ga lalacewar kayan ƙarfe. Duniya ta ga misalin haka ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da sabuntawa guda mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya cik. Saboda haka mai cewa manhaja ce ba kullum yake kuskure ba. Sai dai wannan lissafin na shuɗin allo ne. Kwamfutar da ke ɗaukewa ɗif ba ta cikinsa.

Akwai gwaji na kyauta da ke raba gardama cikin 'yan mintuna. A kunna kwamfutar, a shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, kafin Windows ta tashi, a bar ta a nan ana danna kibod. In kibod ya ɗauke a can, ko injin ya mutu a can, to Windows ta kuɓuta, domin ba ta ma farka ba tukuna, kuma ko sau goma aka goge ta ba abin da zai sauya.

Wani abin takaici ma, fomatin ɗin kansa yakan haifar da ciwon da babu shi da. Windows 7, wadda har yanzu wasu shaguna ke maƙale da ita, ba ta zo da direban USB 3.0 ba, sai daga Windows 8 ta 2012 aka fara saka shi a ciki. Wanda ya ɗora Windows 7 bai bi ta da direban ba zai tarar ramukan nan masu shuɗin harshe sun mutu murus, alhali lafiyarsu ƙalau.

Jar waya da shunayya

Ramin USB na gargajiya wayoyi huɗu ne a cikinsa: biyu na ɗaukar bayanai, ɗaya ta wuta mai bolt 5, ɗaya ta ƙasa. A ƙa'idar USB 2.0, wadda ta fito a 2000, rami ɗaya rabin amfiya yake bayarwa, USB 3.0 ta 2008 ta ɗaga shi zuwa 0.9. Wuta ce 'yar kaɗan, kuma duk daga akwatin ƙarfen nan na bayan kwamfuta take fitowa, wanda masu gyara ke kira fawa-fak. Aikinsa ya karɓi bolt 230 na soket ya sauke shi zuwa 12 da 5 da 3.3. Ƙa'idar ATX, wadda ake ƙera shi a kai, ta yarda kowanne ya kauce da kashi 5 cikin 100 kacal. Ke nan jar waya ta bolt 5 ta tsaya tsakanin 4.75 da 5.25, mai ruwan ɗorawa ta bolt 12 tsakanin 11.4 da 12.6. Da mita ta hannu, wadda kowane mai gyaran rediyo yake da ita, ana iya auna wannan cikin minti ɗaya: baƙin tsinke kan baƙar waya, jan tsinke kan wadda ake tuhuma, injin yana kunne yana aiki.

Akwai kuma wata waya shunayya a cikin babban fulogi mai baki 24 da ba a cika kula da ita ba. Ita ce bolt 5 na jiran gadi. Muddin kwamfuta tana jone da soket, wannan layin yana aiki dare da rana ko an kashe ta, shi ya sa fitilar linzami ke ci bayan an rufe shago. A madabod da yawa shi ke ciyar da ramukan USB idan injin yana barci, a wasu ma har yana farke. Tunda ba ya hutawa, kayan cikinsa sukan riga sauran tsufa. Alamominsa sanannu ne ga wanda ya saba: kwamfuta ta ƙi tashi da safe sai an danna sau da yawa, ko sai an zare fulogi an mayar, ta ƙi farkawa daga barci, kibod da linzami su riƙa ɓacewa tare.

Mita tana da iyakarta. Matsakaicin ƙarfin wuta take nunawa, ba ta kama rawar da wutar ke yi cikin ƙiftawar ido, kuma wannan rawar ce ke rikita furosesa. Fawa-fak yana iya nuna 5.0 cif a mita ya kasance shi ne mai laifin. Shi ya sa gwajin da ya fi kowanne shi ne aro: a ɗauko wani da aka tabbatar da lafiyarsa a jona na kwana biyu ko uku. In mutuwar ta tsaya, magana ta ƙare. A kula dai, kwamfutocin ofis na Dell da HP da yawa suna da fulogi irin nasu na daban, ba kowane fawa-fak ke shiga ba. Buɗe cikin akwatin kansa kuwa ba aikin ɗan koyo ba ne, don manyan kafasitocinsa suna iya riƙe sama da bolt 300 bayan an zare shi daga wuta.

A ƙasashen da wuta ke tsaye, nan bincike kan fawa-fak yake ƙarewa. A Kano ko Zariya ko Maraɗi kuwa, dole a bi wayar har bango. An ƙera fawa-fak ya riƙe kwamfuta na kusan kashi 16 ko 17 cikin 1000 na daƙiƙa ɗaya idan wuta ta yanke, ba fiye ba, kuma wanda ya tsufa ko hakan ba ya kaiwa. Ƙwan fitila zai ɗan lumshe ba wanda ya lura, kwamfuta kuwa ta riga ta sake tashi. Don haka mai shago ya lura da lokutan: shin tana mutuwa ne sa'ad da injin fotokwafi ya fara ɗumama, ko firij ya tashi, ko mai walda na maƙwabta ya kama aiki, ko janareta ya canja murya? Takarda da biro a gefen kwamfuta, ana rubuta lokaci da abin da ke kunne, sukan tona abin da manhajar bincike ba za ta tona ba. Sitabilaiza tana gyara wuta mai rauni, amma ba ta cike giɓin yankewa. Wannan aikin UPS ne, shi ma in batirinsa na da rai.

Sai batun wayar ƙasa, ƙafa ta uku ta fulogi, wadda gidaje da shaguna masu yawa ba a ja musu ba, ko an ja a soket amma ba ta kai ko'ina ba. Duk wanda ya taɓa bayan kwamfuta ba takalmi ya ji ta ɗan ja shi ya san alamar. Matatar da ke bakin fawa-fak tana zubar da 'yar wuta zuwa jikin akwatin da nufin ta bi wayar ƙasa ta tafi. In babu hanyar, jikin akwatin yakan tsaya a kusan rabin ƙarfin wutar soket, duk da cewa abin da ke gudana kaɗan ne; a ɗora masa abin gwajin wuta, fitilarsa za ta kama. Yanzu a ɗauko wayar firinta da ke jone a wani soket daban a soka. Wani lokaci har ɗan tartsatsi ake gani a bakin ramin. Wayoyin bayanai na USB da bolt 3.3 ko ƙasa da haka suke aiki. Rami ɗaya ya mutu a wannan watan, na kusa da shi a wata mai zuwa, mai kaya yana ta sauya madabod, laifin kuwa yana binne a bango. Busasshiyar iskar hunturu tana ƙara nata, domin a lokacin ne jiki da tufafi ke tara wutar nan mai ɗan harbi idan an taɓa ƙarfe, kuma filash ɗin da ke hannun mutum ita ce hanyarta ta shiga.

Masu sayen kwamfutar gwanjo da ta fito daga Amurka su duba bayanta kafin su jona. Tsofaffi suna da ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230. In yana kan 115 aka ba shi wutar nan, ƙara ɗaya da hayaƙi ne.

Annobar kafasita

A buɗe murfin gefe a haska tocila kusa da furosesa, za a ga wasu 'yan gwangwanaye a tsaye, samansu da tsaga mai kama da X ko K. Su ne kafasitoci, masu lallashin wuta ta kwanta kafin ta isa inda ake bukata. Mai lafiya samanta a shafe yake. Wadda ta lalace takan kumbura, wani lokaci da busasshen abu ruwan ƙasa a bakin tsagar. Ko guda ɗaya aka gani haka, an sami wanda ake nema.

Daga wajajen 1999 zuwa 2007 masana'antar kwamfuta ta sha fama da abin da aka laƙaba wa annobar kafasita, lokacin da miliyoyin irin waɗannan gwangwanaye suka riƙa fashewa tun ba su tsufa ba. Labarin da ya fi fitowa fili na Dell ne. Takardun kotu da jaridar New York Times ta ruwaito a 2010 sun nuna kamfanin ya sayar da kwamfutocin OptiPlex aƙalla miliyan 11.8 tsakanin Mayun 2003 da Yulin 2005 da ke cikin haɗarin lalacewa saboda kafasitocin kamfanin Nichicon, kuma a 2005 ya ware dala miliyan 300 don gyara da musanya. Ofisoshi da jami'o'in da suka saye su abin da suka gani shi ne daskarewa da mutuwa ba dalili.

Waccan annobar ta wuce, amma tsufa bai wuce ba. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage rayuwar irin wannan kafasita da rabi. Kwamfutar da ta yi shekaru a ofis mai sanyi a Turai, aka kawo ta shagon kwano a Sakkwato inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, sauran kwananta a guje suke ƙarewa. Daɗin abin, mai gyara da ya iya riƙe ƙarfen narka dalma yana iya cire ta ya dasa sabuwa mai awo ɗaya, ba sai an yar da madabod ba.

Rami ɗaya ma kan iya kayar da injin gaba ɗaya. A shagon da kowa ke soka filash da wayar caji, ɗan harshen roba na cikin ramin yakan karye, tsinkayen ƙarfen su lanƙwashe, na wuta ya taɓa jikin ramin. Windows takan ce wuta ta yi yawa a ramin USB. Wasu madabod kuwa tun a farkon tashi suke rubuta gargaɗi su kashe kansu bayan daƙiƙa 15. Ramukan gaba sun fi shan wannan wahala. Da wata siririyar waya aka jona su ga madabod, saboda haka zare ta kawai ya isa a gane ko su ne. In ramukan baya ne suka ƙone, ƙaramin katin USB da ake sokawa a gurbin PCIe yakan maye gurbinsu. Rumbun ajiya na waje da ke ƙas-ƙas yana ɓacewa kuma sau da yawa yunwar wuta ce ke damunsa, a gwada shi a ramin baya da gajeriyar waya.

RAM da zafi su ma ba su da wuyar dubawa. Manhajar MemTest86, wadda Chris Brady ya fara rubutawa a 1994, tana gwada RAM ba tare da Windows ba. A bar ta ta kwana tana zagaye, kuskure ko ɗaya ya isa hujja. Sai a gwada sandunan ɗaya bayan ɗaya, a goge bakinsu na zinariya. Ba abin mamaki ba ne a samu: binciken da aka yi kan injinan Google aka wallafa a 2009 ya gano sama da kashi 8 cikin 100 na sandunan RAM suna yin kuskure a shekara. Ƙura kuwa, bulowa ce maganinta, a riƙe fanka da yatsa kada ta yi ta juyawa, a sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta.

Idan laifin na maƙera ne

A farkon 2021 masu sababbin kwamfutoci da furosesar Ryzen a kan madabod na B550 da X570 suka cika kamfanin AMD da koke iri ɗaya: kibod da linzami suna ɓacewa na 'yan daƙiƙu, sauti yana karcewa, na'urori suna fita suna dawowa. Mutane sun sauya wayoyi, sun sayi sabon fawa-fak, sun goge Windows, a banza. Wasu suka gano cewa in aka sauke gurbin katin hoto daga PCIe 4 zuwa 3 a BIOS abin yakan lafa. A watan Maris AMD ya sanar cewa ya gano tushen, kuma gyaran ya zo cikin sabon BIOS mai ɗauke da AGESA 1.2.0.2. Ko sukuru ɗaya ba sai an kwance ba.

Na Intel ya fi muni. A 2024 manyan furosesoshinsa na tebur, zubi na 13 da na 14, suka riƙa faɗuwa, musamman a wasannin bidiyo, kuma saƙon da ke fitowa yakan ce ma'ajiyar katin hoto ta cika, abin da ya sa mutane da dama suka tuhumi katin da bai ci ba bai sha ba. A Yuli kamfanin ya amsa cewa furosesar tana neman wutar da ta wuce kima, wadda ke cinye ta a hankali. Ya fitar da gyara a Agusta da Satumba, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garanti. Gyaran yana hana ɓarna ta gaba ne. Wadda ta riga ta taɓu sai musanya.

Darasin aiki a nan shi ne a duba sunan madabod da lambar BIOS ɗinsa a shafin kamfanin kafin a kashe ko sisi. Amma sabunta BIOS a kan wutar da ba ta da tabbas ganganci ne: in ta ɗauke ana tsaka da rubutawa, madabod ɗin na iya ƙin tashi sam. A yi shi a kan UPS mai cikakken caji.

Masu bincike na Microsoft sun taɓa bin diddigin kwamfutoci miliyan ɗaya, suka wallafa sakamakon a 2011. Abin da suka gano shi ne injin da ya faɗi sau ɗaya saboda lalacewar kayan ƙarfe, yiwuwar ya sake faɗuwa tana iya ninka ta wanda bai taɓa ba har kusan sau ɗari. Ba ya warkewa da kansa, kuma kowace mutuwa ana tsaka da rubutu tana iya tafiya da fayil.

Saboda haka wanda zai kai tasa gyara, ya fara kwashe takardunsa zuwa wani wuri, ya tafi da takardar da ya rubuta lokutan mutuwar, ya kuma nemi a ɗora mita kan jar waya da shunayya a gabansa. In mai gyaran ba shi da mita, ya ɗauki kayansa ya gwada shago na gaba.